Bakaniken Lif da Ba Ya Iya Zama

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, bakanike ne a wani babban sito na ajiyar kaya. Ba ɓarawo ba ne. Ba ya shan giya, ba ya caca, ba a taɓa jin sunansa a maganar matar wani ba. Da kun gan shi ya shigo masallaci, da kun matsa masa wuri a sahu. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya gyara zama ya ce labarin ba nasa ba ne.

A bayan siton nan akwai manyan ƙofofi inda tireloli ke ja da baya su tsaya a sauke kaya. Bayan tirela yana can sama, daɓen sito yana ƙasa. Shi ya sa a bakin kowace ƙofa aka kafa lif: wani faffaɗan faranti na ƙarfe, a kan ƙafafu masu buɗewa kamar almakashi, da rami a ƙarƙashinsa. Mai ne ke ɗaga shi. Famfo ya tura mai ta cikin tiyo, mai ya shiga silinda, silinda ta miƙe, faranti ya tashi da kaya da mutanen da ke kansa. In man ya koma a hankali, faranti ya sauko a hankali. Rayukan 'yan dako duka a kan man nan suke hawa suna sauka.

Aikin mutumin nan shi ne kula da waɗannan lif. Kowace safiya, kafin a buɗe ƙofa, zai ɗaga faranti, ya kafa sandar tokara don kada ya sauko masa a ka, ya shiga ramin. Ya kwashe sharar da ta taru. Ya haska fitila ya duba ko mai na ɗiga. Ya bi tiyo da tsumma daga farko har ƙarshe, ko ya kumbura, ko ya tsage, ko yana goga da ƙarfe. Ya sa giris a gaɓoɓi. Ya fito, ya cire sandar, ya gwada maɓallin tsayawa. Ya wuce lif na gaba, ya sake yin hakan. Gobe ma haka. Jibi ma haka.

Haka tsohon da ya koya masa sana'ar ya yi har gashinsa ya yi fari, ya ajiye aiki ya bar masa wurin. Tsohon nan, ko sau ɗaya ba a taɓa tafa masa ba. Wa ke tafa wa injin da bai lalace ba?

Shi kuwa mutuminmu Allah ya ba shi hannu. Injin da ya gagari mutane, in ya kara kunne ya saurara, sai ya ce ga inda ciwon yake, kuma nan ɗin ne. Amma bai iya zama ba. Ko a kan benci ne, ƙafarsa ɗaya tana rawa. Abinci a tsaye yake ci. In kana masa magana, idonsa yana kan ƙofa. Duk abin da aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Yanzu-yanzu." Har 'yan dako suka maida shi sunansa. Suna cewa ranar da Yanzu-yanzu ya mutu, sai an sa noti an ɗaure shi a makara, in ba haka ba zai sauka ya riga masu ɗaukarsa isa.

Matarsa ma takan ce masa, "Baban yara, kujerar gidan nan fa ba ta san ka ba. In ka zauna sai ta tambaye ni baƙon waye."

Sai ya yi dariya, ya riga ya kai ƙofa.

Rashin zama ba zunubi ba ne, ya 'yan uwa. Allah ya halicci mai sauri, ya halicci mai nawa. Zunubin yana can ƙarƙashi. Mutumin nan ba ya jin daɗin aiki sai in akwai ido a kansa. In lif ya tsaya cak da tsakar rana, tireloli sun yi layi, direbobi na danna oda, manaja na zufa, a nan yake jin shi mutum ne. Zai taho da jakar kayan aikinsa, mutane na darewa. Ya durƙusa, ya taɓa nan, ya murɗa can, faranti ya tashi, wuri ya kaure da ihu. Ranar nan har gida zai je yana jin tafin a kunnensa.

Ramin safiya kuwa ba kowa a cikinsa sai duhu da warin mai. Sai ya fara ragewa. Yau ya shiga ramin amma bai bi tiyo har ƙarshe ba. Gobe ya tsaya daga baki ya haska fitila. Jibi ya shuri farantin da ƙafa ya wuce. In manaja ya leƙo ya ce, "An duba?" sai ya ce, "Na duba." Harshensa bai ko yi nauyi ba.

Har ta kai in ya ji wata 'yar ƙara a inji, ya san abin da take nufi, sai ya ƙyale ta. Ya san za ta girma. Ya san ranar da ta girma za a kira shi a gaban jama'a. Kun ji inda riya ke kai mutum? Yana kiwon matsala kamar yadda ake kiwon rago.

Shugaban 'yan dakon siton nan yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensu sun rasu da wuri, Yaya ne ya riƙe shi, shi ya kama hannunsa ya kai shi wajen tsohon bakanike. Mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, wanda in ya zauna sai ka ce dasa shi aka yi. Shi kaɗai ne ba ya kiransa Yanzu-yanzu. Auta yake ce masa, a gida da wajen aiki. Duk lokacin da aka tafa wa Auta, Yaya na tsaye a baya ya harɗe hannu, fuskarsa cike da murna, yana ce wa na kusa da shi, "Ƙanena ne fa."

Wata rana aiki ya yi yawa. Tireloli sun cika fili har bakin titi. Sai lif ɗin ƙofar tsakiya, wanda ya fi kowanne shan aiki, ya ɗaga kaya ya ƙi saukowa.

Akwai wani ɗan bawul a gindin silinda, bai fi babban yatsa ba. Aikinsa ɗaya ne tak. In tiyo ya fashe, mai ya nemi tserewa gaba ɗaya, sai ya rufe, ya riƙe farantin a sama. Yana iya shekaru bai yi komai ba, yana jiran rana ɗaya. To bawul ɗin nan ne datti ya shiga, saboda an daɗe ba a canza mai ba, ya rufe ba gaira ba dalili.

Mutuminmu ya gane nan take. Ya kuma san gyaran gaskiya: a rufe ƙofar, a sauke kayan ta wata hanya, a zubar da tsohon mai, a jira sabon bawul. Wato ya juyo ya kalli taron nan ya ce, "Yau ba zai yiwu ba." Ya ɗaga kai ya ga idanu. Direbobi, 'yan dako, manaja, har masu shara sun ajiye tsintsiya.

Sai ya kafa sandar tokara, ya shiga ramin, ya kwance bawul ɗin, ya haɗa tiyo da silinda kai tsaye. Ya fito, ya cire sandar, ya danna maɓalli. Faranti ya sauko lafiya lau. Wuri ya ɗauka. Shi kuwa ya ɗaga ɗan bawul ɗin sama, mai na bin hannunsa har gwiwa, ya ce, "Ga ɓarawon da ya hana ku aiki!" Aka yi ta dariya. Wani direba ya ɗaga shi cak ya juya da shi.

Manaja ya jawo shi gefe. "Babu matsala in an cire shi?"

"Na kwana biyu ne kawai, ranka ya daɗe. Zan sa sabo."

"Yaushe?"

"Yanzu-yanzu."

Sabon bawul ya zo. Aka miƙa masa a cikin ɗan kwali. Ya jefa shi a aljihun jaka. Saka shi aikin safiya ne, aikin rami, ba mai kallo. Kullum in hannunsa ya taɓa kwalin yana neman sifana, sai ya ce gobe.

Kada ku zaci ya sami kwanciyar hankali. Tun ranar nan rashin zamansa ya ƙaru. In ya wuce ƙofar tsakiya sai ya kau da kai. In ya ji famfon ya tashi, sai ya tsaya da abin da yake yi har sai farantin ya sauka. A gida ya zama mai saurin fushi. Yara na jin motsinsa su shige ɗaki. Matarsa ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce gajiya. Zuciyarsa tana ƙwanƙwasa masa ƙofa safe da yamma. Abin da zai kashe wannan damuwa bai fi aikin hantsi ɗaya ba, kuma maganin yana cikin jakarsa. Amma ya gwammace ya yi ta yawo da damuwar da ya shiga ramin nan shi kaɗai. Wane irin ɗauri ne wannan, ya 'yan uwa? Ba igiya, ba sarƙa, mutum ya kasa yin abin da ya san shi ne tsirarsa!

A can ƙarƙashi kuwa, tiyon ya ɗan goce daga mazauninsa tun ranar da ya haɗa shi cikin gaggawa. Duk hawa, duk sauka, yana goga da gefen ƙarfe.

Wata safiya Yaya ya tare shi, ya nuna masa wani ɗan jiƙo a bakin ramin.

"Auta, wannan ba mai ba ne?"

"Tsohon mai ne, Yaya. Wanda ya zube ranar gyara."

"Ka leƙa dai?"

"Haba Yaya. Na duba."

Yaya ya dafa kafaɗarsa. "In kai ka duba, ai magana ta ƙare."

Ranar ko azahar ba a yi ba. Tirela ta kawo tayil, kaya mai nauyin tsiya. Aka turo shi kan faranti a can sama. Yaya ya hana wani ɗan dako mai ciwon ƙafa hawa, ya ce shi zai riƙe. Aka danna maɓalli.

Mutuminmu yana can ɗaya ƙarshen siton, yana ba wasu direbobi labarin wani gyara da ya taɓa yi. Ya ji ƙara kamar an fasa taya, sannan wata ƙarar da ta girgiza daɓen har ƙarƙashin ƙafarsa. Bai tambayi kowa ba. Ya san ƙofar. Ya san dalili.

Da ya iso, mai ya malale ko'ina. Farantin ya faɗa ramin, kayan sun zame sun danne Yaya daga ƙugu zuwa ƙasa. Mutane na zamewa a cikin mai suna janye kwalaye. Yaya bai yi ihu ba. Idonsa biyu, yana ta salati a hankali. Da ya ga ƙanensa sai ya ce, "Auta, ka matsa, kada ka zame."

A asibiti aka ce rai na nan, amma ƙashin baya ya taɓu. Ba zai sake takawa ba.

Aka turo masu bincike. Suka shiga ramin da shi ya daina shiga, suka fito suna tambaya: ina bawul ɗin da ya kamata a samu a gindin silinda? Wa ya cire?

A nan Allah ya buɗe masa ƙofa ta farko. Da ya ce "Ni ne," da ya sha wuya, amma da ya tsira da wani abu. Sai ya ce haka ya tarar da lif ɗin. Ya ce tsohon da ya koya masa aiki ne ya bar shi haka. Ya rantse da Allah. Tsohon da ya ba shi sana'a a hannu, yana can gida da ciwon ido, shi ya ɗora wa.

Ya manta da abu ɗaya. Bai cire bawul ɗin nan a ɓoye ba. Shi da kansa ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. Masu shara sun gani, direbobi sun gani, sun ma yi ta ba da labarin a wasu wurare suna yabonsa. Duk wanda ya tafa masa ranar nan ya zama shaida a kansa. Direban da ya ɗaga shi ya juya da shi, shi ne ya fara magana. Da aka ce ya buɗe jakarsa, sai ga sabon bawul a cikin kwalinsa, ko buɗe shi ba a yi ba.

Aka kore shi. Aka hana shi taɓa irin wannan inji a ko'ina. Labari ya zaga duk inda ake sauke kaya. In ya shiga gareji neman aiki, sai hira ta tsaya. Tsohon maigidansa bai aiko da zagi ba, bai aiko da komai ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce mu yi addu'a mu tashi. Amma bai ƙare ba.

Aka dawo da Yaya gida, aka kwantar da shi a ɗakin da ke kusa da ƙofa, kan katifa mai leda, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta. Mutuminmu ya kasa zuwa. Zai taho har bakin layin, ya juya. Ya zaga, ya sake dawowa, ya sake juyawa. Sai Yaya ya aika matarsa ta kira shi.

Ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya fara wata magana mai tsawo, ba kai ba gindi. Yaya ya katse shi.

"Bar wannan. Abin da Allah ya rubuta ya faru, naka laifin kuma ka san shi, ba sai na karanta maka ba. Na yafe. Amma ina da buƙata."

"Faɗi, Yaya. Ko mene ne."

"Antinka za ta koma wajen aikinta, in ba haka ba gidan nan ba za a ci abinci ba. Likita ya ce ba a barina a gefe ɗaya. Sai an riƙa juya ni, ana duba bayana, ana gogewa, in ba haka ba fata za ta ruɓe, ni kuma ba na jin komai a can. Daga safe zuwa la'asar, kai nake so."

Ya fashe da kuka. Ya ce ko ransa aka ce ya bayar zai bayar.

Ya 'yan uwa, ba da rai abu ne mai sauƙin faɗa, domin sau ɗaya ake yi, kuma mutane za su ji labari. Ba ransa aka nema ba. Zama aka nema.

Kwanakin farko ya yi abin a zo a gani. Ya juya Yaya, ya goge, ya shafa mai, ya canza zanen gado, ya gyara ƙafar gadon da ke lilo, ya gyara fankar da ba wanda ya ce ya gyara. Masu zuwa dubiya suna ganinsa suna cewa, "Kai, yaron nan ya yi nadama." Yana jin su. Sai 'yan dubiya suka fara raguwa, kamar yadda suke yi. Aka bar shi daga shi sai Yaya sai bangon maƙwabta. Yaya ya yi barci, fanka na juyawa, ƙuda na bin taga. Ƙafarsa ta fara rawa. Ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Ya zauna, ya tashi. Ɗakin ya zame masa rami.

Wata rana da hantsi ya ji hayaniya a babban titi. Wata tifa ce ta ɗaga bayanta ta juye yashi, bayan ya ƙi saukowa, ta tare hanya. Mutane sun taru, kowa na faɗin nasa. Ya ce, "Yaya, bari in leƙa. Yanzu zan dawo."

Ya kutsa cikin taron. Ba wanda ya san shi a nan. Ya karɓi sifana a hannun direba, ya kwanta ƙarƙashi, ya taɓa abu biyu, bayan tifa ya sauko. Aka yi tafi. Ya ji abin ya ratsa shi kamar mai ƙishirwa ya sami ruwan sanyi. Bai dawo ba sai dab da la'asar.

Daga nan ya sami hanya. Da safe zai zo, matar Yaya ta fita, ya ɗan zauna, ya ajiye ruwa kusa da hannun Yaya, ya fice. Yana bin tituna yana neman inda mota ta mutu, inda janareta ya ƙi tashi, inda mutane suka taru. Ya dawo kafin ta dawo, ya juya Yaya sau ɗaya cikin sauri, ya ja masa zane, bai ko ɗaga rigar ba.

In ta shigo ta ce, "Auta, an juya shi?" ya ce, "Na juya shi, Anti."

Ta kalli mijinta. Yaya ya ce, "Ya juya ni."

Me ya sa Yaya ya rufa masa asiri? Allah ne ya sani. Wataƙila yana tsoron in ta sani za ta kore shi, ya rasa ƙofa ta ƙarshe da ke buɗe masa. Da ta dawo da yamma a gajiye take, ga girki, ga yara, ta yarda da maganar maza biyu. Sau ɗaya kawai Yaya ya yi masa magana, a hankali, ba ya ko kallonsa.

"Auta, yinin nan yana da tsawo in mutum shi kaɗai ne."

"Gobe ba inda zan je, Yaya. Wallahi."

Wari ne ya tona. Wata rana tana canza zane ta ji shi, ta juya mijinta da kyau ta ɗaga rigar, ta saki ihu. Gyambo ya ci ƙugun har ya yi zurfi. Kafin a kai asibiti zazzaɓi ya rufe shi. Likita ya duba, ya ɗago ya tambayi wanda ke jinyar.

Matar Yaya ba ta zage shi ba. Ta tsaya a gabansa a barandar asibiti ta ce, "Ka karya shi, ya ce in yi shiru, na yi. Na ba ka shi a hannu saboda shi ya ce. Me ya yi maka? Ka faɗa mini, me mutumin nan ya yi maka?"

Ciwon ya shiga jini. Ranar ƙarshe, da rana tsaka, Yaya ya farfaɗo ya ce a kira masa Auta. Ya shigo. Akwai kujerar roba a gefen gado. Yaya ya nuna ta da ido.

"Zauna."

Ya zauna a bakin kujerar. Yaya ya miƙo hannu, ya kama. Hannun da ya ɗauki kaya ya ciyar da shi, yanzu ba nauyi. Yaya numfashi kawai yake ja, yana kallonsa. Ƙafar mutuminmu ta fara rawa. Zufa ta keto masa. Ya kalli ledar ƙarin ruwan da ke rataye, ya kalli ƙofa. Ya ji in ya ƙara minti ɗaya a ƙarƙashin idon nan ƙirjinsa zai fashe.

"Yaya, ruwan nan kamar ba ya tafiya daidai. Bari in kira nas."

Yatsun Yaya suka ɗan matse nasa. Mutuminmu ya zare hannunsa a hankali.

Bai kira nas ba. Ya bi baranda har ƙarshe, ya sauka bene, ya zaga wajen ajiye motoci, ya tsaya yana kallon wasu ma'aikata suna fama da famfon ruwa, har ya ba su shawara. Da ya hawo, ya tarar an ja labule, Yaya ya cika. Matar Yaya tana zaune a kujerar robar.

Shi kuwa mutuminmu, matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Ta ce ba ta iya kwana gida ɗaya da shi tana kallon 'ya'yanta. Gidan haya ya fita daga hannunsa. Yanzu wanda ya san shi yakan gan shi a bakin titi, jakar kayan aiki a kafaɗa, takalmi ya cinye, yana sauri kamar ana jiransa a wani wuri. Ba mai jiransa. In ya ga an buɗe gaban mota sai ya matso, a ce masa, "Allah ya ba da sa'a, Malam, mun gode." In ya shiga sallah, kafin liman ya yi sallama jikinsa ya fara karkarwa. Ba hauka ya yi ba. Da hauka ne da ya huta. Yana sane da komai.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai ƙi yayansa ba. Yana sonsa fiye da kowa a duniya. Amma ya saba wa zuciyarsa da abinci ɗaya, idon mutane, har ta daina karɓar wani. Ya ɗauka ƙarami ne ya ce "na duba" alhali bai duba ba. Ya faɗe ta ga manaja, ba abin da ya faru. Ya sake faɗa, ba abin da ya faru. Ya zaci Allah ya manta, alhali jinkiri aka yi masa. Da musiba ta zo ya yi kuka, ya zaci kukan ne tuba. Kuka ba tuba ba ne. Tuba shi ne ka koma ka yi abin nan da ka guje wa, gobe da jibi da gata, bayan 'yan kallo sun watse.

Kowannenmu an ba shi wani abu ya kula da shi, wanda ba mai bin bayansa ya gani. Kai direba, ka san yadda birkinka yake tun makon jiya, kuma yau ma ka ɗauki mutane. Kai mai gini, ka san abin da ka rufe da siminti. Ke mai jinyar tsohuwa, kin san ko kin ba ta maganin ko kin ce kin ba ta. Wasunmu a nan akwai gyaran da muka sani, kayan gyaran ma na hannunmu, muna ta cewa gobe. Wa ya ba ka tabbacin goben? Kuma in goben ta zo, wa zai kasance a tsaye a kan abin da ka ƙi gyarawa? Ba kai kake zaɓa ba.

Amana ba a gaban taro ake riƙe ta ba. Mutane suna ganin abin da ka ɗaga sama, Allah yana ganin abin da ka bari a ƙasa, kuma a kan shi zai tambaye ka.

Ya Allah, ka tsarkake ayyukanmu daga neman ido. Ka ba mu haƙurin aikin da ba a yabo. Kada ka sa harshenmu ya shaida abin da hannunmu bai yi ba, kada ka sa wanda ya yarda da mu ya halaka ta hannunmu. Bawan nan naka da ke yawo, in yana da sauran rabo, ka zaunar da zuciyarsa ya tuba kafin ajali. Yayansa kuma ka yi masa rahama.

Allah ya tsare mu, ya tsare waɗanda aka damƙa mana. Amin.